Sifikar Tsakiya a Zauren Malam

Mahaifina ya rasu a farkon damina, ba da daɗewa ba bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ina gida a lokacin, an ba mu hutu daga kwaleji. Ban yi kuka ba. Mata da yawa sun lura da haka, wasu har suka yaba min haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ji nake kamar an cusa min auduga a kunne, an cusa min sauran a ƙirji. Ina ɗebo ruwa, ina shimfiɗa tabarmi, ina amsa gaisuwa, amma duk daga nesa nake yi.

Malam muke ce masa, har mu 'ya'yansa. Kullum bayan la'asar yakan zauna a kan buzunsa a zauren gidanmu a Dutse, magidanta su kewaye shi da littattafansu. Akwai teloli, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan sakatariya da suke biyowa in sun taso daga aiki. Ya karanta da Larabci, ya fassara, ya yi bayani. Ina ƙarama a gefen gwiwarsa nake zama, ina wasa da gashin buzun har barci ya ɗauke ni. Da na girma aka daina barina a zaure, sai dai in miƙa ruwa daga bakin ƙofa. Amma da idanunsa suka fara rauni, ni nake karanta masa shafin ranar da hantsi, shi kuma ya gyara min. Saboda haka a gidanmu an ɗauka babu wanda ya san muryarsa kusa-kusa kamar ni.

Ranar addu'ar bakwai, wani ɗalibinsa mai sayar da hatsi daga Aujara ya aiko mana da leda cike da kaset-kaset. Ashe shekara da shekaru yana ajiye 'yar rakodarsa a gaban Malam yana ɗaukar karatun. Na karɓi ledar na rataye ta a ƙusa a bayan ƙofa, na manta da ita.

Umma tana takaba. Ta sauko daga gado ta koma tabarma, abinci kuwa sai ta taɓa ta ture. Ba ta yawan magana dama can, yanzu ta ƙara ragewa. Wata rana da hantsi, wajen mako uku da rasuwar, ina share ɗakinta sai ta ce:

"Auta, yaya Malam yake cewa 'to'?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ce ban gane ba.

"In ya gama bayani zai shiga wani. Yana da yadda yake faɗa. Tun jiya nake nema." Ta dubi tafin hannunta. "Fuskarsa ina ganinta sarai. Muryar ce ta fara ɓace min."

Na gwada kwaikwayo, ta girgiza kai. A nan na tuna da ledar. Rediyon Malam ba ya cin kaset, don haka na aika wa Kawu.

Kawu ƙanin Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Da yana da gidan kallo a bayan shagonsa. Da shari'a ta zo, tun kafin kowa ya yi masa magana ya rufe abinsa, ya ce shekarunsa sun wuce na gardama da yara masu sabon gemu. Kayan kallon suka zauna a lungun shago an lulluɓe su da buhu. Ni rakoda kawai na roƙa. Washegari sai ga shi da kaya cike da baro biyu: na'urar kaset, amfilifaya mai nauyi ta ƙara sauti, sifikoki biyar, da wani baƙin akwati da ake ajiyewa a ƙasa.

Na ce, "Kawu, kaset fa kawai za mu saurara."

Ya ce, "Mijin yayata ne zai yi magana, 'yar boko. Ba zan saka shi a rakodar masu shayi ba."

Ya jera su a falo yana yi min bayani, ko da yake ban tambaya ba. Biyu a gaba, dama da hagu. Biyu a baya. Baƙin akwatin na rugugi ne, shi ke sa ƙasa ta girgiza in mota ta faɗi a fim. Sannan ya ɗaga wata doguwa, kwantacciya kamar matashin kai, ya shafa ta.

"Wannan ita ce ta tsakiya. Sauran duk 'yan rakiya ne. Ruwan sama, kiɗa, kukan doki, nasu ne. Amma duk maganar da mutum zai yi, ta nan take fitowa. In ta lalace, sai ki ga baki na motsi ba ki san me ake cewa ba." Ya ɗauki kaset ɗaya ya duba. "Wannan kuma da ƙaramar rakoda aka ɗauka, hanya ɗaya gare shi. Na'urar za ta tura komai tsakiya. Malam gaba ɗayansa a cikin wannan zai zauna."

Babu wuta a lokacin. Ya haɗa wayoyi, ya nuna min inda zan danna, ya tafi.

A gidanmu, kamar kowane gida da na sani, abu mai daraja ba a barinsa a fili. Cikin shoglas ake saka shi tare da kwanukan Umma na aure da kofunan gilas da ba a taɓa shan ruwa da su ba. Bayan tafiyar Kawu na dubi sifikar nan a saman talabijin tsirara, na ga bai dace ba. Na matsar da kwanuka, na yi mata wuri a tsakiyarsu, na rufa mata farin saƙan da na yi a makaranta, na ja gilashin har ya kusa datse wayar.

Da aka kawo wuta bayan azahar na riƙo hannun Umma muka shiga falo. Na danna. Aka yi shuu, aka yi tari, sannan wani abu ya fara magana daga cikin kwanuka. Duk kalmar da ya faɗa sai murafan su amsa, gilashin yana zizza kamar ƙuda ya shiga kwalba. Umma ta saurara kaɗan.

"Kashe."

Ta koma ɗakinta. Ni na zauna ina kallon kaset ɗin a tsaye cikin tagarsa. Na jira in ji wani abu, ko kunya ce, ban ji ba.

Da safe Kawu ya zo ya tsaya a gaban shoglas hannunsa a ƙugu.

"Wa ya saka Malam a cikin kwanuka?"

"Ni ce."

"Har da mayafi. Amarya ce?" Ya zaro ta yana tsaki. "Takardun da kike ci a kwaleji ba su gaya miki murya iska take so ba? A fili ake ajiye ta, daidai kunnen wanda ke zaune, bakinta na kallonsa."

Ya mayar da ita saman talabijin. Da wuta ta zo muka gwada mu biyu, ba mu kira Umma ba. Kwanukan sun yi shiru, amma duk lokacin da Malam ya ce "ba" ko "bu" sai a ji wani ɓarr a ƙarƙashi. Kawu ya cire ragar gaban, ya danna takardar da ke cikin bakinta da yatsa, ya nuna min inda ta tsage a gefe.

"Ta sha harbe-harben fim, ta gaji. Zan nemo wasu. Amma ni kunnena ya mutu, shekara ashirin ina cikin ƙara. Ke za ki zaɓa."

Bayan kwana uku ya dawo da guda uku. Ɗaya baƙa ce ta roba, mara nauyi, daga shagonsa. Ɗaya tsohuwa ce ta katako, ja-ja-ja, mai nauyin turmi, wadda ya aro a wurin abokinsa a Jahun ya ɗauko ta a kan cinyarsa cikin motar haya. Ta ukun ƙarama ce mai ruwan toka, da idanu uku, biyu manya da ɗan ƙarami a tsakaninsu. Bai faɗi inda ya samo ta ba, sai dai na ga yadda yake ajiye ta a hankali.

Kawu yana da ƙa'idojinsa. Da farko yakan ƙwanƙwasa jikin kowace da bayan yatsa. In ta amsa kamar ƙwarya, ya yamutsa fuska. In ta yi shiru kamar an bugi bango, ya gyaɗa kai. Bayan haka ya zaɓi wuri ɗaya a kaset ɗin, ba ya canzawa, kuma ba ya taɓa maɓallin ƙara. Ni kuma in zauna na juya baya, don kada ido ya yi wa kunne shisshigi. In an gama sai ya zare kaset ɗin, ya zura biro a cikinsa ya mayar da shi baya da hannu, wai kada na'ura ta ja zaren ya saki.

Wurin da ya zaɓa bayani ne a kan ruwan alwala. Malam yana cewa ruwa in launinsa ya canza, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, to sai a duba abin da ya canza shi, domin ruwan kududdufi da ƙasa ta rina daban yake da wanda aka wanke tukunya a ciki. Wani ya yi tambaya daga nesa, ba a jin abin da ya ce. Malam ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "To. Kun gane, ko in sake?"

Na ji wannan wurin sau da yawa har ban san adadi ba. A kan kujerar tsakiya, a gefen taga, a bakin ƙofa, domin Kawu ya ce sifikar kirki ba ta zaɓar wanda za ta yi wa magana. Mun ji shi da ƙarfi, mun ji shi ƙasa-ƙasa, domin ya ce a ƙasa-ƙasa ake kama mai ƙarya. Wuta takan ɗauke a tsakiyar kalma, mu zauna muna jira, shi yana fifita da kwali, ni ina kallon bango. Tun ina jin mahaifina har na koma jin sauti kawai. Ina sauraren ƙarshen kalmomi, ina sauraren inda harshe ke taɓa haƙori, kamar mai duba ɗinki ta bayan riga.

"Faɗa min," in ji Kawu. "Kada ki yi min waƙa. Me kika ji?"

Na ce ta farko ta hanci take magana, kamar Malam na mura. Kuma duk inda ya ce "sa" ko "tsa" sai ta yi tsartuwa.

"Ta roba ce. Dama na sani. Ta biyu fa?"

Na ce ta biyu ƙirji ne zalla. Muryar tana da kauri, tana cika ɗaki, amma tana haɗiye wutsiyar kalma. Kamar ya ja rawani ya rufe bakinsa.

"Ta uku?"

A ta ukun ina jin shafi yana juyawa. Ina jin numfashin da yake ja kafin doguwar magana, da ɗan ƙas ɗin da harshensa ke yi tun da ya rasa haƙorinsa na gefe. Ina jin carbinsa yana taɓa katakon da yake ɗora littafi. Can baya kuma, nesa sosai, akwai wani abu yana bugawa a jere, dum, dum, dum. Sai da aka maimaita sau uku na gane taɓarya ce. Umma ce take daka a tsakar gida, wata la'asar da ta wuce, ba ta san ana ɗauka ba.

Na ce, "Ta uku shi ne. Kamar zan miƙa hannu in taɓa gwiwarsa."

Na faɗa ne kamar yadda zan faɗi amsar jarrabawa. Kawu ya dube ni, ya kau da kai, ya shiga naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi.

Bai yarda nan take ba. Kwana biyu yana yi min wayo, ya ce ga ta roba alhali ƙaramar ce, ya ce ga ƙaramar alhali ta katako ce. Ban faɗa tarkonsa ko sau ɗaya ba. A ƙarshe ya ce, "Kunnen nan naki asara ne a aji. Je ki kira Yaya."

Umma ta zo ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera, don haka Kawu ya sauko da ƙaramar sifikar ya ɗora ta a kan kujerar tsugunno daidai fuskarta. Ya danna. Malam ya fara maganar ruwa, tas, kowane harafi a wurinsa. Ina kallon Umma. Ta ja mayafinta gaba. Ta ƙara ja. Kafin ya kai ga dariyar ta dafa ƙasa ta miƙe.

Kawu ya ce, "Yaya, tsaya mana ki ji ƙarshen."

"Wannan wani namiji ne yake ɗaga murya a falona." Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba. "Kun sha wahala, Allah ya yi muku albarka. Ku bar shi haka."

Kawu ya kashe. Ya zauna a ƙasa, babban mutum da furfura, yana juya biro a hannu.

"Ko kaset ɗin ne ya saki? Ko gudun na'urar ne?"

Na ce ba su ba ne. Muryarsa ce, na tabbata.

"To me take nema?"

Ban sani ba. Na tattara kaset-kaset ɗin na mayar cikin leda. A kwanakin da suka biyo baya aka yi ta ruwa, duwatsun bayan gari suka yi baƙi suna sheƙi, ganyen dabino ya wanku. Nakan tsaya a tsakar gida in kalle su in ce a raina wannan abu ne mai kyau, kamar yadda ake karanta rubutun allon kan hanya. Umma ta daina tambayata komai. Kunun safe nakan ɗauke shi da azahar ya yi fata a sama. Zobenta ya fara zamewa, ta cire ta ɗaure shi a bakin zane.

Ana jibi addu'ar arba'in 'yan uwa mata suka fara isowa daga Jahun da Taura, da ƙullin kayansu da jariransu. Falo ya zama wurin kwana, kuma wayoyin Kawu suna harɗe ƙafar mutane. Aka aika masa ya zo ya kwashe. Ya zo bayan la'asar, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, mai baro kuma ya ce ba zai shigo lungunmu da wannan taɓon ba sai gobe. Kawu ba zai zauna cikin mata ba. Sai ya ce a buɗe masa zaure ya tara kayan a can.

Tun ranar bakwai ba a zauna a zauren ba, ta ƙaramar ƙofar gefe muke shige da fice. Na kai masa mabuɗi. Buzun yana nan inda yake. Na taya shi ɗauko kayan har da ledar kaset, na koma cikin gida.

Kawu ba ya iya matsar da na'ura daga wuri zuwa wuri bai kunna ta ya ji ko tana da rai ba. Akwai wuta. Ya jona abin da hannunsa ya fara kaiwa, wato tsohuwar nan ta katako, wadda saboda nauyinta ya dire ta a ƙasa kusa da buzun.

Ina bakin rijiya ina ɗauraye kofuna. Umma tana zaune a ƙofar kicin, wata gwaggona ta tura mata faifan shinkafa a gaba wai ko hannunta ya samu abin yi, ita kuwa ta zuba wa faifan ido kawai. Mata uku suna gefe suna labarin wata haihuwa. Sai murya ta taso ta bayan bango.

Ba a jin kalmomin sosai. Kaurin ne ke ratsowa, da hawa da saukar maganar, da wuraren da yake tsayawa. Ta bi ta saman katangar, ta bi ta labulen buhu da ke ƙofar soro, ta zauna a tsakar gida inda ta saba zama.

Na ga hannun Umma ya shiga cikin shinkafar. Ta ware tsakuwa ɗaya ta jefar, ta ware wata. Ba ta ɗago ba. Matan nan ba su lura ba, ɗaya ta kwashe da dariya.

Umma ta ce, "Ku rage murya, Malam na karatu."

Haka take faɗa mana kullum tun muna yara, da wannan muryar, ba faɗa ba roƙo. Gwaggo ta rufe bakinta da gefen mayafi. Umma ta ji abin da ta faɗa, na ga ta ji, domin hannunta ya tsaya kaɗan. Ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ta ci gaba da tsinta.

Ta bayan bango aka yi 'yar dariya, aka yi shiru, sannan aka ce, "To."

"Ka ji," in ji Umma, ba da kowa take ba. "Haka ne."

Sai muryar ta yanke. Bayan ɗan lokaci ta dawo, amma siririya, kamar an tace ta an zubar da rabi. Kawu ne ya canza zuwa ƙaramar da na zaɓa, yana gwada sauran kayansa, bai san abin da ke faruwa a ciki ba.

Umma ta ɗago. "Auta, je ki ce wa kawunki ya mayar da ta ɗazu."

Na same shi a tsugune da waya a baki. Na faɗa masa. Ya cire wayar.

"Ta ɗazu? Ta katakon? Wadda kika ce ta ja rawani?"

"Ita."

"Ita Yayar ce ta faɗa?"

Na gyaɗa kai. Ya dubi akwatin, ya dubi bangon da ke tsakaninmu da tsakar gida, bangon ƙasa mai kauri da aka shafe da siminti. Ya tashi ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, kamar yadda yake yi wa sifika.

"Kaifin ba ya wuce nan," ya ce. "Bango ke cinye shi. Ƙirjin ne kaɗai ke ƙetarawa, ƙaramar kuma ba ta da shi da yawa." Ya koma ya tsuguna. "Kwana nawa muna gwada sifika, ni da ke, da juya baya da komai. Ba wanda ya tambayi inda mai sauraren take zama."

Ya mayar da ta katakon. Sannan ya ɗaga ta da hannu biyu ya ɗora a kan buzun, bakinta na kallon ƙofar waje, yadda Malam ke fuskantar ɗalibansa, bayanta ga cikin gida.

Washegari da hantsi ina taje wa Umma kai ta yi maganar da kanta. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zama a zaure ana karatu ba, ba ta ma taɓa ganin yadda yake zama ba. Daga bakin murhu take ji, ko daga gindin turmi.

"Wannan muryar ta zaure ce. In zai shigo, a can yake barinta. Bai taɓa yi min magana da ita a ɗaki ba, ko da mun saɓa. Da kuka saka min ita a gabana sai na ji kamar baƙo ya faɗo min ba sallama."

Na ce, "To wadda yake yi miki magana da ita fa?"

"Wannan babu wanda ya ɗauka." Ta miƙo min kibiya ta kafaɗa. "Tsaga min nan, yana min ƙaiƙayi."

Kawu ya kwashe sifikoki huɗun da ta tsakiyar da ta tsage, da baƙin akwatin da ta roba. Ya je Jahun ya shawo kan abokinsa ya bar mana ta katakon, ban san me ya ba shi a madadinta ba. Ƙaramar mai ruwan toka kuwa ya ajiye min ita a ƙofar ɗakina ya ce, "Wannan taki ce, ke kika ci ta." Na naɗe ta a zane na saka a ƙarƙashin gado. Ban sake jona ta ba.

Har hutunmu ya ƙare, aikina ne bayan la'asar in akwai wuta. In buɗe zaure, in saka kaset, in zauna a ƙasa kusa da buzun don in juya shi in ya kai ƙarshe. Ƙofar waje a rufe nake barinta, amma wani lokaci nakan ji takun mai wucewa ya rage sauri, ya tsaya, sannan ya ci gaba. Sau ɗaya wani ya yi sallama, ya jira, ya tafi.

A inda nake zama muryar ba tasa ba ce. Mai kauri ce, a toshe, babu numfashin, babu ƙas ɗin harshen, babu taɓaryar. Nakan zauna da littafina a cinya ba na karantawa, ina kallon zaren kaset yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, ina jiran kukan da aka ce yana zuwa wa mutum daga baya. Ta bayana kuma, ta cikin bangon, ina jin motsin Umma. Ƙarar murfin tukunya, jan kujera, tsintsiya.

Wata la'asar, ana saura kwanaki in koma kwaleji, wuta ta ɗauke yana tsakiyar bayani a kan tafiyar da ake rage salla a cikinta. Muryar ta ja, ta yi ƙasa, ta mutu. Na jira kaɗan ko za a dawo da ita. Ba a dawo ba. Na rufe zauren na shiga gida.

Umma tana zaune a ƙofar kicin da kwano a gabanta.

"Yau Malam ya tashi da wuri," ta ce.

Na ce eh.

"Duba tukunya ki gani ko akwai sauran ɗanwaken nan. Ki sa min yaji kaɗan."

Akwai. Na zuba mata, na zauna a gefenta ina kallo har ta cinye, sannan na ɗauki kwanon na kai bakin rijiya.